Hagar da Tukunyar Ƙarfe

Ɗakin ajiyar kotu yana ƙarƙashin ƙasa,
matakala goma sha huɗu, gwiwata ce ta ƙirga.
Magatakarda ta miƙo min safar hannu fara,
ta ce kar in lashi yatsa in zan juya shafi.
Shekara talatin na ja motar 'yan makaranta a Baltimore,
yau ni ce ke haɗa baƙi da ƙyar,
don rubutun mutanen da sawun kaza ne a laka.

Wasiyyar Zebulon Harcum, shekarar 1741.
Ga ɗana Amos na bar
katifar gashin agwagwa,
shanu huɗu, ɗaya gurguwa,
ganga shida ta taba,
tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku,
da mace, Hagar, da abin da za ta haifa.

An yi wa tukunyar kuɗi. An yi wa Hagar.
Na daɗe ina kallon waƙafin da ke tsakaninsu,
ɗan ɗigon tawada mai wutsiya,
shi kaɗai ya raba uwata da kayan girki.

Kakata takan ce, tana ɓare wake a baranda,
mu jinin babban gida ne.
Mu bushe da dariya.
Wa ya taɓa ganin jinin babban gida
yana goge daɓen asibiti da tsakar dare?

Daga nan takarda ta yi shiru.
Gobara ta ci wasu, ɓera ya ci saura.
Sai na tsare ƙanena Cleon a kicin,
ya goga auduga cikin kumatunsa yana mita,
wai dala ɗari da wani abu a kan yawu.
Muka liƙe, muka aika.
Sati bakwai ina leƙa akwatin wasiƙa
kamar mai jiran sakamakon likita.

Can a Ohio akwai Wendell Harcum,
tsohon mai sayar da inshora, fari, mai ƙaramar murya.
Shekara goma sha tara yana dasa bishiyar zuriya
a bangon falonsa,
reshe bisa reshe, har jirgin ruwan da ya sauke su.
Shi ma ya goga, shi ma ya aika,
don kawai ya buga hatimi kan abin da ya sani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Cleon, mai gyaran famfo,
ya dace da Harcum na ƙetaren teku, ɗigo da ɗigo.
Wendell bai dace da kowa ba.
Wani dare ya ɓace a gidansu
shekara ɗari biyu baya,
ba wanda ya rubuta shi.

Muka haɗu a maƙabartar gidan, gefen kogi,
Oktoba, ganye ya yi ja, iska na cizo.
Ya zo da shayi kofi biyu, ya manta sukari.
Ga dutsen Zebulon, ga na Amos ya karkace,
gansakuka ta cinye rabin sunan.
Ya shafa shi da hannu mai rawa,
ya ce, to ni ɗan wane ne?

Na yi niyyar jin daɗi. Wallahi na yi.
Na taho da magana a bakina tun daga mota.
Amma na ga idonsa irin na yaran nan
da uwarsu ba ta zo tasha ba.
Na ce, tambayar nan ta daɗe a gidanmu,
matso, akwai wurin zama.

Hagar ba ta da dutse.
Bayan shinge gonar waken soya ce,
an girbe, sai kututture da hankaki.
Manomin ya ce garmarsa kan yi tuntuɓe wajen can.
Wendell ya ɗaga min waya mai ƙaya,
na sunkuya, gwiwata ta yi ƙara,
muka shiga muna duban ƙasa.